Ƙullin Bakin Buhu

A gefen filin da motocin daji ke lodi a Agadez akwai wani ɗakin laka mai shuɗiyar ƙofa. Shekara da shekaru, duk wanda zai tafi haƙar zinariya Tchibarakaten ko Djado, in yana da kayan da ba ya son shiga hamada da su, nan yake kawowa. Mai ɗakin sunansa Nomau. Yana sayar da shayi a bakin ƙofa, amma ba da shayi aka san shi ba. Nomau mai ajiya ake ce masa.

Mutumin wani ƙauye ne na ƙasar Tasawa. Ya hau arewa lokacin da labarin zinariya ya kwashe samarin kudu, ya yi ta haƙa har rami ya rufta masa a ƙugu. A kwance aka dawo da shi Agadez. Ya warke da ɗingishi, kunya kuma ta hana shi komawa gida hannu wofi. Da teburin shayi ya ɗan kafu sai ya aika aka kawo masa matarsa Biba da ƴarsu Nafi, suka kama haya a bayan gari.

Ajiyar da kanta ta zo. Wani ɗan garinsu ya bar masa buhu, ya dawo bayan damina biyu ya same shi yadda ya bari, ya faɗa wa wani. Kafin a jima buhuna sun kai rufi.

Sana'ar tana da ƙa'ida, kuma ba Nomau ya ƙirƙiro ta ba. Mai kaya shi ke ƙulle bakin buhunsa da hannunsa, da irin ƙullin da ya sani. Wani da igiyar kaba, wani da tsumman rawani, wani da wayar lantarki. Ba a rubuta komai, ba a yanka farashi. In ya dawo sai ya duba ƙullinsa, in ya gan shi daidai ya ba da abin da ya sawwaƙa. Wanda daji ya yi wa kyau yakan ba da mai yawa, wanda ya dawo a tsiyace ya ce Allah ya saka, shi ke nan. Abu ɗaya ne ba a yi: mai ajiya ba ya tambayar abin da ke ciki, balle ya buɗe.

"In na tambaye ka mene ne a buhunka, ai na ce maka ɓarawo," in ji Nomau. "In na buɗe kuma, ni ne ɓarawon."

Bara, da zafi, wani saurayi mai suna Marwan ya tsaya da mota a bakin ɗakin. Fari ne, ɗan gidan ƴan kasuwa masu manyan motocin da ke zuwa Libiya, gidan da kowa ya sani a gari. Ya sauke buhu mai nauyi, ya ƙulle da igiyar roba, ya ce zai dawo. Nomau ya nuna masa kusurwa. Har ya ji daɗi a ransa, don irin su Marwan ba su saba kawo ajiya wurin talaka ba. Yanzu ya gane dalilin zuwan. A lokacin bai gane ba.

Cikin buhun akwai na'urar neman zinariya, irin mai tsadar nan. Wani abokin haƙar Marwan ya kai ƙara cewa sace masa ita aka yi a Tchibarakaten. Da aka matsa wa Marwan ya faɗi inda take. Ƴan sanda suka zo da hantsi, tasha cike da mutane. Ba su tsaya kan buhu ɗaya ba. Suka fito da ajiyar ɗakin gaba ɗaya rana, suka bi ta da wuƙa ɗaya bayan ɗaya. Nomau ya roƙe su su kwance ƙullin maimakon yankawa. Ɗaya daga cikinsu ya ce:

"Kai, tsoho, mu za ka koya wa aiki? Ku ƴan kudun nan, kun cika gari, ba wanda ya san inda kuka fito, kowane ɗaki kun mai da shi maɓoya."

Suka tafi da Nomau kwamisariya, wato ofishinsu. A can an tuɓe masa riga, ya zauna a ƙasa. Daga inda yake yana hango Marwan a cikin ofis, kan kujera, an kawo masa ruwan sanyi, kawunsa na tsaye yana magana da Faransanci. Kafin la'asar Marwan ya tafi gida. An ce akwai masu tsaya masa, kuma an san gidansu.

Shi ma Nomau an ce za a iya sakinsa kafin shari'a in ya kawo wanda ke da gida nasa na kansa a gari ya tsaya masa. Biba ta yi yawo. Duk waɗanda suka san mijinta ƴan haya ne, ko kuma suna can daji. Ta je wurin mai unguwa, mutumin da ya sha shayin Nomau ba adadi.

"Baba, kai ka san Baban Nafi. Ka san bai taɓa cin kayan kowa ba."

"Na sani, ƴata. Mutumin kirki ne. Amma baƙo ne. In ya gudu Tasawa, ni ina zan samo shi?"

"Da wace ƙafa zai gudu, Baba?"

Mai unguwa ya laluba aljihu. Ya ba ta kuɗin kabu-kabu. Nomau ya shiga gidan kaso, ya yi kusan wata uku yana jiran ranar shari'a.

Kafin ranar ta zo, dangin Marwan sun zauna da mai na'urar, an shirya, an ce dama rigimar rabo ce tsakanin abokan haƙa. A gaban alƙali Marwan ya zo da mai kare shi, wanda ya yi dogon bayani da Faransanci, aka sallame shi. Nomau ba shi da mai kare shi. Tafinta ne kawai a gefensa, yana gutsuro masa abin da ake faɗa. Alƙali ya tambaye shi ko ya san abin da ke cikin buhun. Ya ce bai sani ba. Aka tambaye shi ko ya tambaya. Ya ce ba a tambaya.

Alƙali ya cire madubin idonsa. Tafinta ya juyo ya ce: "Ya ce wane mai hankali ne zai ajiye kaya mai nauyi haka bai san ko mene ne ba?"

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, manyan ƴan kasuwar garin nan ma haka suke karɓar ajiya a shagunansu. Haka muka tarar."

Tafinta ya fassara, ko bai fassara duka ba, Nomau bai sani ba. An same shi da laifin ɓoye kayan sata, kayan da wanda ya kawo su ya riga ya fita zauren da hannu a aljihu. Aka yanke masa ɗaurin talala: ba zai koma kaso ba, amma in aka sake kama shi da wani abu cikin ƴan shekarun nan, zai yi zaman shekara guda cur. Aka ɗora masa tara ta jika ɗari biyu, wato sefa dubu ɗari biyu, da kuɗin shari'a. Aka kuma ce kowace Litinin da safe ya zo gidan shari'a ya dangwala yatsa.

Tarar, Biba ce ta biya. Ta sayar da injin niƙan da take ci da shi, don an gaya mata in lokaci ya wuce ba a biya ba za a sake kulle shi. Yanzu wanki take yi a gidajen mutane.

Litinin kuwa ita ce ranar da ayarin motoci ke tashi daji. Ranar ce masu tafiya ke kawo ajiya, ranar ce ake shan shayi. Nomau ya roƙi magatakarda ko za a mai da masa Laraba. Magatakarda ya ce ba shi ya yanke hukunci ba.

Masu dangwala yatsa kan dakalin siminti suke jira, a jikin bango, wani lokaci har azahar. A nan Nomau ya san Mourtala, birkila ɗan Madawa da aka kama da jarkar fetur, mutumin da bakinsa ba ya hutawa.

"Ɗan Tasawa, matso, ga inuwa. Yau ma ka rufe banki ka zo?"

"Bar ni, Mourtala."

"Duba layin nan da kyau. Ka ga mai mota? Ka ga fari? Fari ɗaya ne a wurin nan, shi ne bangon da ka jingina."

Mutane suka yi dariya, har da wani makiyayi daga duwatsun Ayar da ke can ƙarshen dakalin, wanda shi kam fari ne, raƙumarsa ce ta shiga lambun wani. Maganar Mourtala ba daidai take ɗari bisa ɗari ba ke nan. Amma Litinin uku da aka duba dakalin, kusan duk baƙaƙe ne ƴan kudu, leburori da masu tura kura, kuma ba a samu ko mutum ɗaya mai gidan kansa a gari ba.

Masu ajiya sun riƙa dawowa daga daji ɗai-ɗai. Nomau ya ɗinke buhunan da aka yanka da basilla, ya jera su. Kowa ya zo sai ya fara duba ƙullinsa, ya gan shi daidai, sannan ya ga ɗinki a jikin buhun. Nomau ya yi bayani. Yawancinsu sun ce ba komai, ƙaddara ce. Kaɗan ne suka sake kawo kaya.

Wanda ya sake kawowa shi ne Inoussa, tsohon abokin haƙarsa, wanda ya taimaka aka zaro shi daga ramin nan. Ya zo wata Lahadi da yamma da buhunsa a kafaɗa, ya ƙulle shi da jan tsumma kamar kullum, ya nufi kusurwarsa. Nomau ya tare ƙofa.

"Inoussa, kwance in gani."

Inoussa ya yi dariya. "Kaso ya koya maka wasa."

"Ba wasa nake ba. Shekara guda ke rataye a wuyana. Kwance."

"Ni? Nomau, ni?"

"Ko uwata ce ta kawo."

Masu shan shayi suka juyo suna kallo. Inoussa ya tsuguna ya kwance ƙullin, ya kama gindin buhun ya zazzage a ƙasa. Bargo ne, da tufafin sallah, da zanen da ya saya wa matarsa, sai ɗaurin layun da malaminsa ya ba shi, waɗanda ba a so idon kowa ya gani. Suka watse a gaban jama'a. Wani ya kau da kai. Inoussa ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya kaɗe ƙasa, ya mayar.

"Ka gani?"

"Na gani. Yi haƙuri. Shigo da shi."

"A'a. Ka riga ka gani."

Ya saɓa buhunsa ya tafi. Kafin ayari ya tashi washegari, duk tasha ta ji cewa Nomau yana buɗe ajiya. Shi kuwa a lokacin yana kan dakalin siminti yana jiran a kira sunansa.

Biba ta ce masa da bai yi wa Inoussa haka ba. Ya ce ya sani. Ta ce to me ya sa. Ya ce in ya rufe ido ɗakin kaso yake gani, da yadda ƙugunsa ya hana shi barci a kan siminti. Ba ta sake tada maganar ba.

Marwan yana nan cikin gari. Yakan wuce ta tashar da mota. Sau ɗaya ya ɗaga wa Nomau hannu, Nomau ma ya ɗaga masa.

Watan jiya wanda ya ba Nomau hayar ɗakin ya karɓi makullinsa, don kuɗin shayi ba ya biyan haya. Ranar da Nomau ya share ɗakin, buhu ɗaya ne ya rage a ciki. Na wani saurayi ne ɗan Mayahi da ya tafi Djado tun shekarun farko, ba a sake jin labarinsa ba. Wannan buhun ma ƴan sanda sun yanka shi. Takalmi ne sabo a ciki, da ƙaramar rediyo. Nomau ya ɗinke shi tun tuni, ƙullin igiyar kabar kuma yana nan yadda mai shi ya yi.

Ya ɗora shi a ka ya kai gida, Biba ta tura shi ƙarƙashin gado.

"In ya dawo, ina zai same ka?" ta tambaye shi. "Ɗakin ya sani, bai san gidan nan ba."

Nomau ya ce zai riƙa zama a bakin ƙofar da teburinsa, in sabon mai haya ya bar shi. Ban da Litinin.