Sa Hannun da Ɗana Bai Karɓa Ba

Masu shagunan ƙasan benen suna kiranta Ba-Yau-Ba. Na ji sunan kafin in ga fuskarta, ranar da ni da surukata, matar ɗana, muka tsaya muna tambayar ofishin lauya. Mai sayar da batir ya nuna mana matakala da haɓarsa ya ce, "Ku hau, tana nan. Amma in sauri kuke yi, Baba, gara ku sayi batir ku koma gida, kun dai samu wani abu."

Ɗana ya sayi gida a hannun wani dattijo, ya biya, ya tare da matarsa da 'ya'yansa biyu, sannan ya rasu a hatsarin mota ba a mai da takardar mallakar gidan sunansa ba. Rasit yana nan, yarjejeniyar ciniki tana nan, amma takardar da ma'aikatar filaye ta sani sunan dattijon ne a kanta. Ba cutar sa aka yi ba. Dattijon ya koma gidan ɗansa a layi na gaba, suka shaƙu da ɗana, ɗan nawa yana zuwa gaishe shi duk ƙarshen mako, su yi ta gardamar ƙwallo. In surukata ta tuna masa zancen takarda sai ya ce, "Yaya zan shiga wurin mutumin da ke ce min ɗansa in miƙa masa biro? Ai ba gudu zai yi ba." Lissafi na koyar duk rayuwata, na kuma haifi ɗan da ya ɗauki kunya a matsayin hujja.

A lokacin da muka farga, dattijon ya fara mantuwa. Da safe hankalinsa garau, da yamma sai ya nemi matarsa da ta daɗe da rasuwa. In hankalin ya tafi gaba ɗaya, ko shi kansa ya tafi, gidan zai faɗa cikin gadonsa, 'ya'yansa kuma suna da yawa, ba duka suka san da cinikin ba. Surukata da jikokina za su koma masu shari'a a kan ɗakin da suke kwana.

Ba ita muka fara gani ba. Lauyan farko ofishinsa da sanyi da kujerun fata. Ya leƙa takardunmu ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne. Ku dai kawo min hannun tsohon, ko a kan gado yake." Ni ya yi min. Na biyu abokin ƙanena ne, ya karɓe mu da fara'a, daga ranar wayarsa ta daina shiga. Surukata ma'aikaciyar jinya ce, a wurin aiki ta ji labarin ta ukun. Ta ce, "Baba, wancan mai kujerun fatar bai tambaye mu ko tsohon yana gane mutane ba. Mu a asibiti wanda ba ya tambaya shi muke tsoro."

Lauyar mace ce da ta haura hamsin, gajera, tabarau a rataye a wuya. Ofishin ɗaki ɗaya ne, da fanka mai ƙara, da fayiloli a jere kan katakon da aka ɗora bisa bulo. Tarihinta guntu-guntu na tsince shi, a zaman jiran da ta sa na yi ta yi a kan bencinta. Mahaifinta magini ne, ya ƙare rayuwarsa yana gina wa mutane gidaje, ya mutu a gidan haya. Ta fara aiki tana buga takardu a kotu, ta yi karatun lauya da goyo a bayanta, ta yi wasu shekaru a sashen shari'a na wani banki. Ta ce abin da ya kore ta daga bankin shi ne mutanen da ke zuwa suna rantsuwa ba su san abin da suka sa wa hannu ba, kuma yawancinsu gaskiya suke faɗa. Tun da ta buɗe nata ofishin ta kafa ƙa'ida: ba wanda zai sa hannu a takardar da ta rubuta sai ta karanta masa ita da baki daga farko har ƙarshe, shi kuma ya maimaita mata da nasa bakin abin da yake bayarwa da wanda yake ba wa. Ita ma har yau a haya take. Surukata ta taɓa tsokanarta a kan haka, ta ce, "'Yar nan, duk gidan da na karanta takardarsa sai in ji ya fita raina."

Na je mata da tambayoyina a shirye.

"Rasit bai isa ba?"

"Ya isa ya nuna an biya. Bai mai da gidan naku ba."

"Shekarun da suka yi a ciki fa?"

"Za su taimaka a kotu. Kotun kake so, Malam?"

"Ɗan tsohon ba zai sa hannu a madadinsa ba?"

"Uban ya ba shi izini a rubuce?" Bai ba shi ba. "To, shi ma kamar ni da kai ne."

"Yaushe za mu je wurin tsohon?"

"Ba yau ba."

Da farko sai ta bincika a ma'aikatar filaye ko an taɓa jinginar da gidan. Bayan nan sai takardar kotu da za ta naɗa ni da surukata masu kula da abin da ɗana ya bari. Bayan nan sai likitan dattijon ya rubuta cewa da safe yana fahimtar abin da ake gaya masa. Kowanne ya ci makonni. Na kira ta a waya na ce mata, cikin iya ladabin da ya rage min, hankalin tsoho ba ya jiran hatimi. Ta ce, "Na sani, Malam. Amma sa hannun da za a rushe a kotu, gara babu shi." Na ajiye wayar ba sallama. Ban taɓa yi wa kowa haka ba.

Da komai ya haɗu muka tafi mu uku. Ɗan dattijon, mai kantin magani ne, mutumin kirki, ya tare mu a ƙofar gida ya rage murya. "Akwai abu ɗaya. Baba bai san ɗanku ya rasu ba. Mun ce masa an tura shi aiki wani gari. Zuciyarsa ba ta da ƙarfi. Ku ce shi ya aiko ku."

Nan take na ce to.

Lauyar ta ce, "Takardar ba sunansa za ta koma ba, na magadansa ne. Zan karanta ta, kalmar marigayi kuma tana shafin farko."

Na ce, "Ki tsallake ta."

"Ba na tsallakewa."

"Saboda kalma ɗaya mace da yara biyu su rasa gida?"

"Za su rasa shi ranar da aka gano ya sa hannu yana zaton wani yake ba wa." Ta juya ga mai kantin. "Yallaɓai, in wani yayanka ya kai ƙara aka rantsar da kai, aka ce mahaifinka ya san wa ya ba, me za ka ce?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce a ba shi lokaci ya yi magana da likita. Muka juyo daga bakin ƙofa, ina jiyo tarin tsohon daga cikin ɗaki.

A mota na ce wa surukata mu koma wurin mai kujerun fata. Ba ta taɓa yi min musu ba tun da ta shigo gidanmu. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ni zan kwana a gidan nan. Ba na so duk wanda ya buga ƙofa gabana ya faɗi." Ba tare da hannunta ba kuwa babu abin da zan iya yi, takardar kotun ta ɗaure mu tare.

Likita ya yarda a gaya masa, da safe, bayan ya sha magani. Sai aka rasa mai faɗa. Lauyar ta ce ba aikinta ba ne. Mai kantin ya ce bakinsa ba zai iya ba. Surukata ta dube ni.

Muka same shi a kujera kusa da taga, an lulluɓe masa ƙafafu. Ya gane ni. Ya ce, "Malam uban yarona. Ina ya shige ne haka? Ko waya babu. Ka ce masa 'yan wasan nasa sun sake shan kashi, shi ya sa yake ɓuya."

Tun ranar da abin ya faru ban furta maganar ba. Duk wanda ya zo wurina ya riga ya sani. Na ce, "Alhaji, Allah ya yi masa rasuwa. Hatsari ne, a hanyar aiki."

Ya juya ga ɗansa ya ce, "Kai ka sani?" Sannan hawaye suka zubo masa, bai share ba. Da ya ɗan nutsu aka gaya masa abin da ya kawo mu, ya miƙa hannu ya ce, "Kawo, kawo, duk abin da kuke so." Biro yana hannuna a buɗe. Lauyar ta rufe fayil ɗinta.

A tsakar gida na ce mata, "Kin san me kika yi? Gobe ma ba lalle ya tuna ba."

Ta ce, "Mutumin da aka gaya wa mutuwa yanzun nan, ko gidan da yake zaune aka ce ya bayar zai bayar. Bai ji me ke ciki ba, kuka yake yi."

Abin da na ji tsoro shi ya faru. Da muka koma ya manta. Ya sake tambayata ina yaron ya shige, na sake gaya masa, ya sake yin kukan kamar bai taɓa ji ba, ta sake rufe fayil. Ranar ban yi mata magana ba. Na bar ta a titi tana jiran motar haya, na wuce ta gabanta da tawa.

Shigarmu wurinsa ta uku, tun daga ƙofar ɗaki ya ɗago ya ce, "Malam, ya ƙarin haƙuri?" Ban taɓa zaton zan ji sauƙi don an yi min ta'aziyya ba.

Ta zauna kusa da kunnensa mai ji ta karanta. Ba ta bar komai ba, har faɗin fili da iyakarsa da maƙwabta. Ina zaune ina kallon idonsa, ina tsoron kada hasken ya ɗauke kafin ta kai ƙarshe, ita kuwa ko gaggawa babu a muryarta. Da ta gama ta ce, "Baba, gaya min da bakinka, me za ka yi yanzu?"

Ya ce, "Gidana na layin baya, na sayar wa yaron nan, ya biya ni tsaf. Ya rasu. Ina mai da shi ga waɗanda ya bari." Ya dubi surukata. "Da ya kawo min takardar nan tun tuni ai da na sa. Ni ma kunya na ji in tuna masa, kada ya ce korar sa nake daga zuwa gaishe ni."

Ya sa hannu, a hankali, harafi bayan harafi. Na matso don in yi shaida ta ce, "Kai magaji ne, Malam." Mai kantin ya matso ta ce, "Kai ɗansa ne." Sai da aka fita aka nemo maƙwabta biyu, ɗaya da kumfar sabulun wanki a hannu.

Wannan karon na rage mata hanya. Ta ce hatimin ma'aikatar filaye zai ci watanni, in shirya haƙuri, amma abin da ya rage bai dogara da ƙwaƙwalwar kowa ba. Na sauke ta a bakin benen, na yi mata godiyar da ban cika ta ba, ba ta kuma nuna ta lura ba. Ta hau matakala da fayil a hammata, wasu mutum biyu suna jiranta a sama.

Da la'asar na biya gidan ɗana. Na tarar da jikata ta fito da wani katako da ubanta ya saya don ya yi mata wurin ajiye littattafai. Ashe tun rasuwarsa surukata ba ta bari an kafa ko ƙusa ɗaya a bango ba. Ta shiga kicin ta fito da guduma ta miƙa min. Na auna, na sa alama da fensir, yarinyar ta riƙe min ɗaya gefen, na fara bugawa.