Idon Sawu, Ƙugu da Iyo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Kyari, wanda rabin garin Diffa suka sani da Mushe Kyari, malamin Ingilishi (Mushe lakabin malaman boko ne a nan, daga Faransanci). Na saba kowace shekara in yi masa addu'a a gida, in yi shiru. Bana na ga ya dace in rubuta, saboda 'yarsa Fanna ta kusa rasa aikin da ta daɗe tana nema, ta hanyar kuskuren da mahaifinta ya ƙare rayuwarsa yana gargaɗi a kansa.

Bari in fara da kalma ɗaya, tunda auna kalma ne aikina a gidan rediyo. A wannan gaɓa ta kogin Komadugu, in mutum ya ce Turanci, sau da yawa Faransanci yake nufi. A tsallake kuwa Ingilishi ne. Lokacin da mutanen tsallake suka yi gudun hijira suka sauka sansanin Assaga, wata budurwa mai suna Yagana, wadda rikici ya raba da sakandare, ta shigo gari neman littattafan Turanci don kada karatunta ya zube. Wani bawan Allah ya cika mata leda. Sai da ta koma bukka ta buɗe, ta tarar ko layi ɗaya ba ta iya karantawa. Daga baya aka kwatanta mata gidanmu. Yaya ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ba ta haƙuri, ya shigar da ita zauren da kwalayensa suke.

Kwalaye uku ne na bandar kifi, warin hayaƙi bai taɓa barinsu ba. Duk ranar da rezo, wato layin sadarwa, ya yi kyau, yakan hau babur zuwa shagon intanet, ya zaɓo abin karatu, ya buga a takarda, ya dawo ya rarraba. Bai sa musu lamba ba. Sunan zurfin kogi ya ba su, abin da duk ɗan bakin Komadugu ya sani tun kafin ya san baƙi. A Idon Sawu akwai gajerun labarai masu hoto, jimlarsu ba ta wuce numfashi ɗaya. A Ƙugu akwai labaran duniya da aka sauƙaƙa wa masu koyo, da wasiƙu, da hirar likita da majiyyaci. Iyo kuwa jarida ce yadda masu harshen ke karanta ta, ba wanda ya rage mata zurfi.

Ba ya tambayar mutum ajin da ya kai. Shafi ɗaya yake miƙa maka ka karanta da ƙarfi, duk kalmar da ta gagare ka ka naɗe yatsa ɗaya. In hannu ya dunƙule kafin shafi ya ƙare, ruwan ya fi ƙarfinka, ka koma baya. Mu da muka yi lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci kuwa, yana da ƙarin doka a kanmu: kalmar da ka gane don ta yi kama da ta Faransanci, amma ba ka iya furta ta ba, ita ma a naɗe mata yatsa. Yakan ce Faransanci gora ne irin na masu fito, yana ɗauke da kai a kan ruwa kana zaton kai ke iyo.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Mutumin da kan yi rabin wuni yana jiran shafi huɗu su sauko, ga shi yanzu mai sayar da tattasai a kasuwa yana riƙe da abin da ya ninka kwalayensa sau ba adadi. Akwai labaran da aka jera mataki-mataki, kowanne da muryar mai karantawa. Akwai ƙamus mai furta kalma sau goma ba ya gajiya, da shirye-shiryen da ake karanta labarai sannu-sannu, da hotunan bidiyo masu rubutu a ƙasa. Ba na shakka murna zai yi, don shi bai taɓa ɗaukar takarda abin bauta ba. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, to yanzu ruwan ya fito fili. Abin da zai tambaya kawai shi ne wa ke gaya wa mai shiga inda ƙafarsa za ta taɓa ƙasa.

Fanna ba ta samu mai gaya mata ba. Tafinta take so ta zama a wani asibitin masu agaji, tsakanin likitocin da ke jin Ingilishi da matan da ke jin Kanuri da Hausa. Ta yi gwajin mataki a waya, irin na zaɓi amsa, ya ce mata ta kai na sama. Sai ta cika wayar da dogayen rahotanni da muhawarori. Ranar ganawa, likita ya faɗi jimla uku kacal kan yadda uwa za ta ba ɗanta magani, ya ce ta mayar da Kanuri. Ta tsaya tana kallonsa. Da suka ga takardunta masu kyau ne, suka ce ta dawo bayan wata uku, kuma daga nan babu wata dama.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manyan kalmomin Ingilishi dangin Faransanci ne. Ƙananan kuwa, na ci da sha da haɗiya da ciwo, ba su da ɗan'uwa a can. Shi ya sa ɗan lakwal namu kan yi yawo a tsakiyar kogi, ya zo bakin gaɓa ya nutse.

Na kai ta wurin Yagana, wadda yanzu ke koyar da mata karatu a Gagamari. Yagana ta buɗe mata labarin wata akuya da ta ci sabulu. Fanna ta juyo ta dube ni.

"Gwaggo, da digirina za a ba ni labarin akuya?"

Yagana ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ƙanwata, ni ma da shi babanki ya fara mini. Ajiye goran, ki karanta da ƙarfi."

Kafin akuya ta gama cin sabulu, yatsu huɗu sun naɗe. Washegari Fanna ta share rahotannin, ta buɗe jaka uku a wayarta, ta ba su sunayen kwalayen mahaifinta. Wata guda tana Idon Sawu, tana saurare tana maimaitawa tana wanke-wanke. Sauran wata biyun ta yi su a Ƙugu, kan hirar likita da majiyyaci. Iyo ko leƙa shi ba ta yi ba. Sannu ba ta hana zuwa. Da ta koma, likitan ya faɗi nasa, ta mayar wa matar da aka zaunar a gabanta, matar ta gyaɗa kai ta maimaita daidai. Suka ɗauke ta.

Kwalayen Yaya babu su. Shekarar da kogi ya shigo unguwarmu ya jiƙa su, gara ta ƙarasa. Na yi baƙin ciki a lokacin, yanzu na daina, don duk abin da ke cikinsu akwai wanda ya fi shi a waya. Abin da waya ba ta zo da shi ba shi ne ya bari: mutum ya yarda ya auna kansa da gaskiya kafin ya tsunduma.

Makon jiya na leƙa asibitin da hantsi. Fanna na zaune a benci kafin layi ya taru, waya a hannun hagu, leɓɓanta na motsi. Na tambaye ta wane ruwa take ciki yanzu. Ta ce ta fara taka bakin Iyo. Ba ta ɗago ba, sai ta nuna mini hannun dama: yatsu biyu a naɗe, uku a miƙe. Allah ya jiƙan Mushe Kyari, ya sa ya tsallake nasa kogin lafiya.