Malam Fadl da Kurakuran Ustaz Munzir

Duk wanda ya taɓa shan shayi a ahwa, wato gidan shayin da ke bakin tashar mikrobas ta Arba wa Nus a Alƙahira, ya san Malam Fadl, ko bai san sunansa ba ya san muryarsa. Dogo ne siriri, kullum cikin farar jallabiya mai guga kamar zai je ɗaurin aure, alhali iyakar tafiyarsa kujerar roba ce da ke jikin bango. Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Sakkwato za su hajji, suka yada zango a Mai Wurno don su ɗan huta, har yau hutawar suke yi. Ya yi shekara da shekaru yana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Sinnar, sai yaƙi ya koro shi Alƙahira, shi da matarsa Awadiyya.

Ni kuwa Lawali, karatu ya kawo ni daga Gusau, kasuwar Ataba ta riƙe ni. Ina raka 'yan kasuwarmu sari, ina yi musu tafinta. Zaman ahwa ne ya haɗa mu, ya ji ina Hausa a waya ya kira ni, daga ranar na zama ɗansa ba tare da an tambayi ra'ayina ba.

A nan babu makarantar da ta neme shi. Awadiyya ce ke riƙe da gidan, da haɗa turaren wuta da yi wa amare lalle. Mutumin da ya saba kullum a miƙo masa aiki ya duba ya yanke hukunci, ya wayi gari ko farashin tumatir ba a tambayarsa. Wannan abu ya ci shi ƙwarai, kuma da ya ƙarasa shi, ba don shafin baya na jaridar da mai ahwa ke saya ba.

A shafin akwai wasan nan na cike gidaje da kalmomi, wasu a kwance wasu a tsaye, ga tambayoyi a gefe. Mai shirya shi wani ne Ustaz Munzir, kuma ba ya tambaya kai tsaye, sai ya yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aure. Maimakon ya ce kogin Nilu, sai ya ce "mai ciyar da Masar, amma ba a Masar aka haife shi ba". Malam Fadl yakan cike gidajen kafin shayinsa ya huce. Cikewar ma ba ita ta dame shi ba, shari'ar da ke biyo baya ita ce abin. Wannan tambayar ta yi arha, ko jariri ya amsa. Waccan ta yi zurfi ba dalili. Ta ukun ta yi kyau, saboda haka tabbas satowa aka yi. Ban taɓa jin ya sallami Ustaz Munzir lafiya ba.

Ranar da ya kama kuskure na sosai kuwa, abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Na farko da na gani da idona, Ustaz Munzir ya ɗauki madatsar ruwan Sinnar ya dasa ta a kan Farin Nilu. Malam Fadl ya miƙe tsaye, kujera ta faɗi.

"Lawali, zo ka ga jahilci da rana tsaka! Madatsar da nake kai ɗalibai kowace shekara! A kan Shuɗin Nilu take, ya jama'a!"

Ya sa na nemo masa lambar ofishin jaridar da ke unguwar Dokki. Ya kira yau, ya kira gobe, har suka gaji suka ba shi lambar gidan Ustaz Munzir ɗin, su rabu da ƙaya. Daga nan abin ya zama al'ada. Kusan kowane mako sai an samu wata ɓaranɓarama, Malam Fadl ya gyara zama, ya buɗe murya yadda har masu buga domino za su ji, ya karanta wa mutumin darasi. Can ɓangaren sai ka ji wata tsohuwar murya a sanyaye tana cewa, "Ma'alish, yi haƙuri ya ustaz, gaskiyarka ce. To yaya abin yake?" A irin wannan rana Malam Fadl har ƙarin abinci yake nema, Awadiyya ce ta faɗa mini.

Wata rana na ce, "Baba, ka lura kuwa mutumin nan ba ya kuskure a kan Turai ko Sham? Kullum sai Sudan."

Ya kalle ni kallon ɗalibin bayan aji. "Ai Bamasare ke nan, ɗana. Ruwanmu yake sha, bai san daga inda yake gangarowa ba."

Amsar ta yi mini daɗi ni ma.

Wata Talata aka buɗe shafin baya, babu gidaje, sai hoton wani tsoho mai tabarau da sanarwar rasuwar Ustaz Munzir: za a karɓi gaisuwa bayan magariba a zauren wani masallaci a Dokki. Malam Fadl ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ce zai je, kuma ni zan raka shi. Ba wai don mamacin ba, in ji shi, don ladan ta'aziyya.

Zaman makokin Masarawa ba irin namu ba ne. Kujeru jere, mai karatu a gaba, a miƙo maka gahawa mai ɗaci ba sukari, in mai karatu ya kai aya ya tsaya sai a tashi a ba wasu wuri. 'Yan uwan mamaci na tsaye a bakin ƙofa ana gaisawa da su. Da muka zo fita, Malam Fadl ya miƙa wa babban ɗan, wani mai suna Muhannad, hannu ya ce, "Fadl, daga Sinnar."

Muhannad ya riƙe hannun ya ƙi saki.

"Kai ne ustaz na Sudan! Wallahi Baba yana ƙaunarka. Ai ya koyar a Khartum yana saurayi, babu lungun ƙasarku da bai taka ba. Tun da Mama ta rasu wayar gidan nan ba ta ƙara sai in kai ne. Da gangan yake saka maka kuskure ɗaya. Ranar da kuskuren zai fito a jarida sai ya yi aski, ya sa kwat, ya zauna kusa da waya yana jiranka."

Ya faɗi haka ne don ya faranta masa, bawan Allah. Ni kuwa na ga fuskar Malam Fadl, na so ƙasa ta tsage in shige. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya zare hannunsa.

A mikrobas muka kamo hanyar gida, har muka haye gada. Sai ya fashe da faɗa, da Hausa, Masarawa na waiwayenmu. Wai wane irin malami ne zai buga ƙarya a jarida da saninsa? Yara nawa suka karanta suka ɗauka gaskiya ne? Wannan ya fi jahilci muni, cin amanar ilimi ne. Ya yi ta yi har muryarsa ta dushe. Tausayinsa ya kama ni sosai, don na san ba yaran ne ke ci masa rai ba.

Can da muka kusa gida ya taɓa gwiwata, ya yi ƙasa da murya.

"Lawali, amma kuskuren kogin Gash ɗin nan, da ya kai shi Kordofan. Ka ji yadda ya rikice a waya ranar. Wannan na gaske ne, ko? Wannan ni na kama shi."

"Na gaske ne, Baba," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya juya fuskarsa ga taga, ya sa gefen rawaninsa ya goge ido.