Mun Bar Gasa Domin Manzo

Mun tashi da asuba daga Yanbu, wutar matatun mai tana ta ci a bayanmu. Mu uku ne a motar: ni, da abokin da muka yi umra tare, da ɗan'uwana mai aiki a matatar, shi ke tuƙi. Na huɗunmu kifi ne cike da kula, tsarabar Kaka. Kakan nan ƙanen kakata ne. Yana yaro iyayensa suka fito da shi daga wajen Haɗeja a ƙafa, suka yi shekaru suna noman auduga a Sudan kafin su tsallako teku. Yayarsa, wato kakata, tana ɗakin mijinta a lokacin, sai aka bar ta a gida. Ni dai ban taɓa ganinsa ba sai a hoto.

Hanyar sumul take, ba rami ko na magani, sai baƙaƙen duwatsu da raƙuma masu kallon mota da raini. Kusa da Badar muka tsaya karin kumallo, muka ci tamis, wata faffaɗar gurasa mai zafi, da dafaffen wake da man zaitun. Abokina, wanda ba ya iya haɗiye loma sai ya mayar da kuɗinta naira, ya gano cewa man fetur ya fi ruwan kwalba araha. Tun daga nan bai ƙara shan ruwa da daɗin rai ba.

Ɗan'uwana yana jin Hausa tas, amma in zai amsa sai ya raba ta biyu da Larabci. Ya ce, "Kun zo a kan gaɓa, ya akhi. Jibi ne hafla. Ƙanena Ustaz ko barci ba ya yi."

Ashe idan aka yi dogon hutun rani, kowace unguwa a Madina tana da cibiyar da ake tara yara maza don kada zaman banza ya lalata su. A ƙarshen hutu kowace cibiya takan fito da gagarumin wasan dandamali, labari a cikin waƙa, ba goge ba algaita, murya ce kawai da mandiri. Sai a yi gasa, alƙalai su ba da kofi.

Da muka hango hasumiyoyin Masallacin Annabi sai motar ta yi tsit, ba ka jin komai sai salati. Ba zan iya kwatanta abin da na ji a gaban Rauda ba. Na yi kuka, kuma ban ji kunya ba. Amma muna fitowa cikin kasuwa, tsakanin masu dabino da masu carbi, sai ga takardun tallan wasanni manne a ƙofofin shaguna. A wurin mai aski na tarar ana musu a kansu kamar musun ƙwallo. Wani ya rantse 'yan cibiyar Khalidiyya sun ƙera jirgin ruwa mai tafiya a kan dandamali, wani ya ce ɗaya cibiyar tana da dawaki goma sha.

Kaka yana kishingiɗe a kan darduma muka shiga. Ya ƙare mini kallo, ya ce, "Kai ne jikan Yaya? Ka zo hannu rabbana, ka baro mini amaryata a gida? Rowa dai ba ta bar gidanku ba." Na ce amaryar, wato matata, ta ce sai ya fara aiko da sadaki. Ya yi dariya, sannan ya sassauta murya ya ce, "Yaya ƙasa?" Ba ya cewa Najeriya, ba ya cewa Haɗeja. Ƙasa kawai. Da rana aka yi miya da kukar da na kawo, aka sayo tsire, wanda su can suke kira sire, ya ci har yana lumshe ido.

Washegari Ustaz, jikansa, ya ja ni wurin gwajin wasan cibiyarsu. Wasansu labarin baƙin Madina ne, mutanen Bukhara da na Jawa da na Indiya, kowa da waƙar hanyarsa, a ƙarshe kuma mutanenmu masu zuwa a ƙafa. Abokan aikinsa sun so a cire waƙar Hausar, wai alƙalai ba za su gane ba. Ustaz ya kafe, domin waƙar ta mahaifiyar Kaka ce, ita take rerawa a hanya, kuma tsohon ya ce burinsa kafin ya mutu ya ji ta daga bakin yaran garin nan. An ji ni malamin Hausa ne, sai aka ce in zo in sa albarka.

Yara suka jeru, aka buga mandiri, suka ɗauka da ƙarfinsu:

"Mun bar gasa, mun bar gero a rumbu,
Mun bar 'ya a ɗaki, ido na ruwa,
Mun bar gasa domin Manzo."

Dariya ta ƙwace mini, har da riƙe ciki. Kaka da ajami ya rubuta musu waƙar, ya sa ƙaf a ƙasa kamar yadda aka koya masa a allo. Mutanen Madina kuwa in ba karatun Alƙur'ani suke ba, ƙaf ɗinsu "ga" ce, ko gahawa ma daga bakinsu muka samo ta. Ga yara ana gobe gasa suna shelanta wa duniya cewa sun bar gasa.

Da na bayyana abin da suke faɗa, ba wanda ya taya ni dariyar. Yaran suka sunkuyar da kai. Na ce ai gyara ba wuya, na nannaɗe hannun riga. Har la'asar ina ta "ƙa, ƙa, ƙa" kamar hankaka, su kuma suna ba ni ga da kha. Waɗanda suka fi ƙoƙari suka ce "kasa", wato yanzu maciji suka bari. Garin gyaran gira na tsokane ido. Ustaz ya goge gumi, ya ce, "Khalas, a cire. Ba zan bari tsofaffinmu su yi wa yara dariya a gaban jama'a ba." Na zo daga uwa duniya na rusa wa tsoho burinsa da harafi ɗaya.

Tare muka je gaban Kaka, na faɗi laifina da bakina. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, aka ba shi ruwa. Sannan ya dubi Ustaz.

"Ya waladi, uwata ta yi waƙar nan da ƙishirwa a maƙogwaronta. Wata rana ma leɓe ne kawai ke motsi. Allah bai tambaye ta ƙa ko ga ba. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni waƙa ɗaya gida ya bar mini, ita ma za ku ƙwace?"

Ustaz ya ce, "Sidi, za a yi dariya."

"A yi mana. Da ba a yin dariya a hanyar nan, da ba mu iso ba." Ya juyo kaina. "Kai kuma Malam, gobe ka ajiye bulalarka a waje."

Ranar wasa bayan magariba zauren ya cika maƙil. Gaskiya 'yan Khalidiyya sun yi bajinta. Jirginsu ya shigo a kan tayoyi, hayaƙi na tashi, fitilu na walƙiya, yara a kansa suna waƙar teku. Abokina ya manta gidan da ya ci tsire, ya miƙe yana tafi har sai da na ja masa riga. Masu dawaki kuwa na katako ne dawakinsu, ana tsakiyar yaƙi wuyan ɗaya ya cire, jarumin ya rungume kan dokinsa ya ci gaba da waƙa. Shi ma ya sha tafi.

Namu ba jirgi ba doki. A ƙarshen wasan yaran suka fito cikin fararen riguna, ƙwarya a ka, sanda a hannu, suna tafiyar gajiya. Da suka ce "mun bar gasa" na ji ƙus-ƙus ɗin dariya daga bayan zaure, inda dattawanmu suke, 'yan Kano da 'yan Damagaram da waɗanda suka biyo ta Chadi. Amma da amshin ya zagayo karo na biyu sai wani tsoho ya karɓa. Na uku kuwa duk suka ɗauka. Dandamali yana cewa gasa, bayan zaure yana cewa ƙasa, mandiri yana haɗa su. Kaka bai yi waƙa ba. Hannuna ya riƙe gam, hawaye na bin gemunsa, fuskar nan cike da murmushi.

Jirgi ya ci kofi, namu suka zo na biyu. Ustaz ya zo ya durƙusa gaban Kaka. Tsohon ya dafa kansa ya ce, "To me kake nema kuma? Ai da bakinku kuka gaya wa alƙalai kun bar gasa." A gida mata suka kalli wasan a kaset ɗin bidiyo, aka yi ta guɗa sai ka ce mu muka ɗauko kofin.

Ranar komawa aka cika mana jaka da dabino da na'ana. A tashar mota Ustaz ya rungume ni, ya tattaro duk Hausarsa ya ce, "Ka gaida mutanen gasa." Na ce za su ji.

Daga Jidda muka sauka Kano, washegari na wuce Haɗeja da kaset ɗin waƙar yaran. Kakata ba ta gani sosai yanzu, amma kunnenta garau. Na kunna mata. Ba ta taɓa jin waƙar ba, tunda a hanya aka yi ta. Da aka zo "mun bar 'ya a ɗaki, ido na ruwa" sai ta ɗaga hannu, ta ce, "Tsaya. Ni ce wannan." Ni da na yini guda ina dambe da harafi ɗaya, ko sau ɗaya ban lura da baitin ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan, kuma tun da na dawo jan birona ya rage zafi a kan ɗalibai.

Na tambaye ta ko ta ji kuskuren yaran. Ta ce, "Wane kuskure? Ashe Inna ba ta manta da ni ba. Mayar da shi farko."