Yaya da Karnukansa Goma Sha Ɗaya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, waya ta same ni a shago cewa Yaya ya rasu. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma.

Yaya, shekara goma sha tara ka yi a kan kujerar roba a bayan ɗakin bincikenku, kana rubuta yadda karnuka ke fitsari. Mu a gida dariya muke yi maka. Inna takan ce, "'Ya'yan mutane na duba marasa lafiya, nawa yana gadin fitsarin kare." Ba ka taɓa fushi ba. Sai ka zaunar da mu ka yi bayani: kwikwiyo tsugunawa yake yi, sai sinadarin mazantaka ya ƙaru a jininsa yake fara ɗaga ƙafa. A garken kyarketai kuwa, ka ce, shugabanni ne ke ɗagawa, har da macen.

Ban manta ranar da na zo taya ka aiki ba. Zarni ya dame ni, na wanke turakun shingen karnukan tas da sabulu. Ashe zarnin nan shi ne aikin, da shi karnukan ke sanin wanda ya riga su wucewa, kai kuma kana bin su da biro. Wahalar wata huɗu na wanke. Ka daɗe kana kallon turakun, sannan ka ce, "Auta, ka iya wanki. Zo mu ci abinci." Washegari ka buɗe sabon littafi.

Kwana uku da binne ka aka aiko takarda daga wurin aikinka: a kwashe karnuka goma sha ɗaya cikin mako uku, ko a yi musu allurar mutuwa. Na gaji, Yaya. Na bi gida gida har ƙafafuna suka kumbura. Tara sun samu masu riƙo. Saura tsofaffin nan biyu, ba mai so, domin sun daina iya riƙe fitsari. Mai gidan da nake haya ya ƙi in kawo su, na koma sau uku ya ƙi. Gobe wa'adin ke cika.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya yafe kurakuranka. Ya ba matarka da 'ya'yanka da mahaifiyarmu haƙurin rashinka.

Ni kuma ka yafe mini, ban samo musu wuri ba. Gobe da safe zan je, ni zan riƙe su a jikina lokacin allurar.