Kawu Mai Hawa Turke

Shekara ashirin da uku ya yi yana hawa turakun sadarwa, bai taɓa faɗowa ba. A wurin aiki Sarkin Sama ake ce masa. A gida kuwa Kawu ne, mutumin da ba ya minti biyar a kujera sai ya tashi gyaran ƙofar da ba ta lalace ba.

'Ya'yansa ko tsani ba sa so. 'Yar ƙanwarsa ce ta ɗauko shi sak, Auta, mai shekara sha biyar. Wata Asabar uwarta ta faɗo gidan ta miƙa masa waya. Ga Auta a bidiyo tana tafiya a bakin rufin wani bene mai hawa biyar da ba a gama ginawa ba, da silifas, ƙawayenta na tafi.

"Yaya, na yi faɗa, na yi duka. Kamar zuga ta nake."

Sau uku ya kalla, idonsa a kan ƙafarta. Kwana biyu abinci ya ƙi shiga. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa titi. Shi ma a shekarunta ya hau tankin ruwa don kawai wani ya ce ba zai iya ba, kuma babu babban da ya tambaye shi dalili.

Ya je gidansu ya sami Auta tana wanke-wanke.

"Me kike ji in kin hau?"

Ta ɗauka tarko ne. Da ƙyar ta ce, "Kawu, a can ne kawai kaina yake yin shiru."

"Tsoro fa?"

"Ba na ji."

"To, nan matsalar take. Ni kullum da shi nake hawa."

Ya kai ta filin da suke koya wa sababbin ma'aikata, inda turken bai fi tsayin ɗaki biyu ba. Sai da ta yi wata guda tana koyon ƙulla igiya tana tsaki kafin ya bari ƙafarta ta bar ƙasa. Ranar da ta hau, ya ce ta saki hannu da gangan. Igiyar da ya ɗaura mata ta riƙe ta, tana lilo, ta ƙanƙame igiyar da hannu biyu.

Uwar ta ce, "Na ce ka kashe wuta, kai kuma ka kawo fetur."

"Ruwa in ya taho, hanya ake yi masa."

Auta ta ce ta daina hawa benen. Ya yarda, amma ba duka ba. Yanzu ta gaban benen yake bi in zai tafi aiki, duk da zagaye ne, ya tsaya su gaisa da mai gadin wurin, ya ɗan ɗaga kai sama.