Tasalla Mai Nonon Asuba

A zamanin da Katsina ke bin Sakkwato, an yi wata mata a Karare ana ce mata Tasalla, matar wani manomi mai suna Sammani. 'Yar gajeruwa ce siririya, ga surutu ga dariya. Wanda ya gan ta ba zai ce tana iya ƙosar da ɗan akuya ba, amma Allah ya ba ta ruwan nono irin wanda tsofaffin garin suka ce ba su taɓa gani ba.

Nonon nata kuma da halinsa. Da yamma sai ya kwanta ya yi laushi, jariri ya yi ta ja yana ƙorafi. A haihuwarta ta fari har kuka ta yi, ta ce wa uwar mijinta ya ƙafe. Tsohuwar ta dama mata kunun kanwa, ta ce, "Sha ki kwanta, ki bar jaririn jikinki ya yi ta tsotso. Mu ga safiya." Da asuba Tasalla ta farka zani sharkaf, tabarma ta jiƙe, ƙirji ya cika tam. Sammani ya leƙo zai wuce masallaci, ya ɗaga kai ya dubi jinka, ya ce, "Ikon Allah! Ɗakin nan har da rani yoyo yake?"

Wata shekara tana cikin goyo, sai wani maharbi ya shigo gari a guje da la'asar, yana ihu mahayan Maraɗi sun fito daga dajin Rugu. Kafin rana ta faɗi gari ya watse, kowa ya haye duwatsu, tsofaffi bisa jakai, mata da goyo a baya. Har Fulanin rugar da ke gefen gari suka biyo su. Ba a hura wuta ba, ba wanda ya sa komai a bakinsa.

Gari na wayewa sai kuka ya kaure. Tsoro da yunwa sun sa nonon masu goyo ya ɗauke, wasu a matsa ko ɗigo babu. Maza suka rikice, suna cewa kukan nan zai tona inda suke. Tasalla kuwa, wadda ta sha barcinta har da minshari, ta tashi ƙirji na yi mata zogi don cika. Ta jingina da dutse, ta miƙe ƙafa, ta ce, "Ku daina kallona, ku miƙo su bibbiyu."

Haka aka yi ta miƙo su, tana ba su tana zolayar iyayen. Wata Bafulatana mai suna Inno ta fito da ƙwaryar nono da fura, Tasalla ta sa aka raba wa masu goyo, ta ce kowace ta mayar da ɗanta ƙirjinta ko da babu komai, ai ja ke kiran ruwa. Washegari kuwa sai ga mata suna duba zannuwansu suna dariya. A ranar ne kuma aka gano mahayan nan fatake ne da jakansu ɗauke da kanwa. Maharbin bai ƙara sakewa a dandali ba sai da ya tsufa.

Daga nan abin ya zama al'ada. Mai jego ta kwanta zazzaɓi, ko ta wayi gari nono ya janye, sai a aika da jaririn gidan Sammani da sassafe. Tasalla ta haihu da yawa, don haka da wuya a same ta ba goyo. Ba ta taɓa mayar da kowa ba, ba wanda kuma ya tsaya tunanin gaba.

Gaban kuwa ya zo ne lokacin da Armaya'u ɗan maƙerin gari ya ga wata budurwa mai suna Asama'u ya ce ita yake so. Magana ta yi nisa, sai Inno ta shigo tallar nono ta ji labari, ta ce a dai tambayi Tasalla. Liman ya aika aka kira ta.

Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Tasalla, yaran nan biyu, akwai wanda ya sha nononki?"

"Allah gafarta Malam, Armaya'u a kan dutse ya sha, har ya cije ni. Asama'u kuwa shekarar da uwarta ta yi ƙyanda, kusan ni na yaye ta."

Liman ya ce to babu aure, wa da ƙanwa ne. Da aka bi diddigi sai aka tarar kusan rabin samari da 'yan matan Karare 'yan'uwan juna ne. Tun daga ranar ba a ƙara kai goron neman aure ba sai an biya ta wurinta. Samari suka koma zuwa zance garuruwan Yasore da Darini, suna dawowa da ƙaya a ƙafa suna gunaguni.

Armaya'u ya yi fushi sosai, in ya hango ta sai ya sake hanya. Abin ya dame ta, don tana jin sa kamar ɗan cikinta. Ran nan ta tare shi bakin maƙera, ta ce, "Kai, ni za ka ɗaure wa fuska? Da ban ba ka ba, da yanzu akwai ka?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, ai da kin ba ni kin hana ta."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ranar kasuwa ta ɗaura zani ta tafi Yasore da ƙafarta, ta samo masa Zuwairatu, ɗiyar wata ƙawarta, bayan ta rantse wa iyayen yarinyar ba ta taɓa ko ɗaukar ta ba. Aka yi biki, ita ce ta fi kowa rawa. Asama'u ta auri wani masaƙi a Darini.

Tasalla ta tsufa ƙwarai. Bayan rasuwar Sammani ba ta ƙara taɓa fartanya ba, domin duk damina gonarta ake fara yi wa gayya. Sai ta zauna gindin tsamiya da tulun kunu, tana kiran ƙattin maza masu furfura da sunayen yarintarsu, tana yi musu faɗa sun bar ciyawa a kunya. Ta rasu da kaka, ana cikin yankan gero.